Waɗanda Suka Ƙirga Kududdufan Ingila

A shekarar 1986 masanin tarihin karkara Oliver Rackham ya fitar da wani kiyasi da ya gina a kan tsofaffin taswirorin Birtaniya: a wajajen 1880 akwai kududdufai kimanin 800,000 a Ingila da Wales. Mafi yawansu hannun mutum ne ya haƙa su. Wasu an yi su ne don shayar da shanu da dawakan noma, wasu kuma ramuka ne da suka rage bayan an ɗebi yumɓun bulo, ko wata ƙasa mai alli da manoma ke watsawa a gona don ta ƙara albarka. Duk wanda ya san yadda haƙar ƙasar gini ta haifar da kududdufan tsohon birnin Kano zai gane lamarin nan take.

Da yake buƙata ce ta kawo su, da buƙatar ta kau sai suka fara gushewa. Bututu ya kai ruwa har cikin makiyaya, tarakta ta maye gurbin doki, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta matsa wa manoma su ƙara yawan abincin da suke nomawa. Ramin ruwa a tsakiyar gona ya zama cikas ga injin, sai a cike shi a yi huɗa a kansa. Waɗanda aka bari kuwa, itatuwa suka rufe su, ko takin zamani ya gangara ya gurɓata su. Ma'aikatan ruwa kuwa hankalinsu yana kan koguna da manyan tafkuna. Kududdufi ya yi ƙanƙanta da a buɗe masa fayil.

A 1988 wasu masanan halittun ruwa, ciki har da Jeremy Biggs da Penny Williams, suka kafa ƙungiyar Pond Action a Oxford, wadda a yau ake kira Freshwater Habitats Trust. Wani bincike da suka wallafa a 2004 ya kwatanta koguna da rafuka da magudanai da kududdufan wani yanki na kudancin Ingila. Kududdufi guda bai kai kogi yawan halittu ba, amma da aka haɗa su gaba ɗaya sai suka zarce sauran wajen yawan nau'o'in tsirrai da ƙananan halittun ruwa, har da waɗanda ba a cika samu ba. Dalilin shi ne kowane ɗaya da irin ruwansa da ƙasarsa da inuwarsa. Sannan ƙidayar karkara ta 2007 ta nuna cewa kusan 8 cikin 10 na kududdufan da aka auna a Ingila da Wales suna cikin mummunan hali.

To, wa zai zagaya dubban ɗaruruwan ramuka, waɗanda akasarinsu ke cikin gonakin mutane? Nan ne 'yan sa kai suka shigo. Tun daga 2012 aka fara shirin PondNet, wanda a ganina muhimmancinsa yana cikin horon da ya ɗora wa masu sha'awa. Mai son halittu, in aka bar shi, wurin da ya san yana da kyau zai nufa, kuma ƙidayar da aka yi haka za ta nuna lafiya ko da babu ita. Saboda haka aka riƙa ba kowa wurin da aka zaɓa masa, ya nemi izinin mai gona, ya koma can shekara bayan shekara, ya rubuta abin da ya gani. In bai ga komai ba, wannan ma ya rubuta.

Halittar da ta fi jan hankali ita ce babban niyut mai zanko, wani ɗan'uwan kwaɗo mai siffar ƙadangare, wanda dokar 1981 ta ba kariya. A da, neman sa yana buƙatar lasisi da fita da tocila cikin dare sau da yawa. A 2013 aka gwada wata hanya: ɗan sa kai ya ɗebi ruwa daga wurare 20 a gefen kududdufi, a kai ɗakin gwaje-gwaje a nemi burbushin ƙwayoyin halittar da dabbar ta zubar. A wuraren da aka san tana nan, samfurin 'yan sa kai ya gano ta fiye da sau 9 cikin 10, kuma a 2014 hukumar Natural England ta amince da hanyar.

Tsofaffin taswirorin ma ba su gama aiki ba. A Norfolk, Carl Sayer na jami'ar UCL da abokan aikinsa sun bi su suka gano ramukan da aka binne, waɗanda suke kira fatalwar kududdufi. Da aka sake haƙa wasu, irin tsirran ruwa da ya kwanta a ƙarƙashin gona, wani fiye da shekara 100, ya tsiro.