Satifiket a Bango, Aiki a Shago

Ni ba da kwamfuta na fara ba. Da tafireta na fara, a wata rumfa a Sabon Garin Gusau, hannun wani maigida da ke buga wa mutane takardun koke da yarjejeniyar cinikin fili da wasiƙar neman aiki. Nawa aikin shi ne in jera farar takarda uku da kabon biyu a tsakani, in daidaita bakinsu, in miƙa masa. In hannunsa ya kuskure harafi ɗaya a layin ƙarshe, sai dai a shafe da farin ruwan nan mai warin fenti, ko kuma a sake daga bisimilla. In jarrabawar makaranta aka kawo, sitansil ake yankawa, a ɗora a injin Gestetner, ni ne mai juyawa, tawada har gwiwar hannu.

Ranar 1 ga Oktoba 1996 Janar Sani Abacha ya cire Zamfara daga jihar Sakkwato, Gusau ta wayi gari babban birni. Ma'aikata suka kwaso fayil-fayil daga Sakkwato suka dawo gida. Kowace ma'aikata tana son takarda mai tambarinta, da jerin sunayen masu albashi, 'yan kwangila kuma suna son takardar neman aiki da ba za ta ba su kunya gaban Kantoma ba. Tafireta ta kasa. A nan kasuwar kwamfuta ta buɗe a garin, kuma ba mamaki da ta fi kafuwa a wajajen Sabon Gari. Tun da dogo ya ratsa Gusau zuwa Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920, unguwar ce masaukin baƙi masu sana'ar hannu, masu ɗab'i, masu sayar da littattafai, masu gyaran rediyo. Gaskiya ɗaya ce, da yawa daga cikin malamanmu na farko 'yan Kudu ne, Yarbawa da Inyamurai, sai kuma 'yan bautar ƙasa da ke neman na cefane da yamma.

Kwamfutar farko da maigidana ya sayo ta hannu ce, daga Ikeja ta iso cikin kwali, an naɗe ta da tsofaffin zannuwa. Yadda muka riƙe ta sai ka ce amarya. An ɗinka mata riga, an kafa mata fanka ita kaɗai, mu muna zufa. Ba a shiga ɗakin da takalmi, domin an gaya mana ƙura ce ke sa mata cutar da ake kira bairos, kuma mun yarda. Sai daga baya muka gane cewa cutar a faifan fulofi take yawo, wannan ɗan faifai mai ɗaukar megabait 1.44, wanda hoto ɗaya na wayar yau ba zai shige shi ba. In ka kunna ta, baƙin allo ne ke gaishe ka, MS-DOS ke nan, sai ka rubuta umarni daidai wa daida kafin ta motsa. WordPerfect na rubutu, allonsa shuɗi. Lotus 1-2-3 na lissafi. Da Windows 95 da 98 suka iso hannunmu, muka ga ana nuna abu a danna, sai muka ji kamar an sauke mana dutsen Kwatarkwashi daga ka.

Ba a jima ba masu shaguna suka lura cewa koyarwar ta fi bugun takarda kawo kuɗi. Kowane shago ya rataya allo, ya zama makaranta. Ni ma da na samu 'yanci na buɗe tawa, saboda haka abin da zan faɗa da ni a ciki. Kwamfuta huɗu gare ni, ɗalibai sukan kai ashirin. Wata uku satifiket, wata shida difloma. Watan farko kacokan a kan baƙin allo da alli yake ƙarewa: mece ce kwamfuta, wane ne Charles Babbage, zamunan kwamfuta nawa ne. Ɗalibi ya haddace kamar karatun allo, ya rubuta a jarrabawa, ya ci. Mukan ce wai sai an san tushe. Dalilin gaskiya shi ne NEPA ba ta kawo wuta ba, man janareta kuma daga aljihuna yake fita. Har allon madannai muka zana a kwali, kowa ya ɗora yatsu yana bugun iska. In wuta ta zo, mutum biyar kan na'ura ɗaya, ɗaya na taɓawa, huɗu na leƙe ta kafaɗarsa. Manhajar Mavis Beacon ta koya musu saurin yatsu, wasan karta na Solitaire ya koya musu riƙon linzami, kuma su biyun nan sun fi ni koyarwa.

Ba na manta wani dattijo, babban ma'aikaci, da aka ce musu ƙarin girma sai da takardar kwamfuta. Yakan zo bayan la'asar, direba ya jira shi a waje. Ranar farko na ce, "Ranka ya daɗe, a ɗaga linzamin sama kaɗan." Sai ya ɗauke shi cak daga tebur ya riƙe a iska yana kallona. Yaran aji suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Danna sau biyu a jere ya gagare shi har mako guda, yakan danna, ya nisa, ya sake dannawa. Wata rana ya tsaya amsa gaisuwa, allon ya yi duhu don hutawa, sai na ji ya ce cikin firgita, "Malam, ta mace! Wallahi ban taɓa komi ba." Na girgiza linzamin ta farka. Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ashe barci take kamar mutum." Bayan wata uku na ba shi satifiket mai zanen zinare a gefe. Ya sa a gilashi ya rataya a ofis. Har ya yi ritaya, sakatarensa ne ke buga masa wasiƙa.

A ɗakin gaba kuwa, inda ake aikin kuɗi, akwai yaron shago. Ba ya biyan kuɗin makaranta, ba ya cikin rajista. Shara yake yi, ya ɗebo mai, ya tayar da janareta, ya tsaya kan injin fotokwafi. Amma shi ne ke zaune gefen mai bugu daga safe har dare. Ranar da mai bugu ya tafi ɗaurin aure, kwastoma kuma ya tsaya a kai yana cewa motar Tsafe za ta tashi, sai a ce, "Kai, zauna ka gwada." Da haka ya koyi CorelDraw a kan katin biki da kalandar amarya da ango, ya koyi PageMaker a kan jadawalin walima, ya koyi jera shafi da teburi a kan kundin ɗaliban Kwalejin Ilimi ta mata da ke Gusau da na kwalejojin kimiyya na Ƙauran Namoda da Talatar Mafara. In firinta ta cinye takarda shi ke buɗe cikinta. In Windows ta rikice shi ke kwana yana sake ɗora ta. Yadda ɗan koyo ke koyon ɗinki ko kanikanci, haka ya koya, da ido da faɗan maigida. Duk gwanin da na sani a garin nan da ya kafa shagonsa ya tsaya da ƙafarsa, ta wannan ƙofa ya shigo. Na aji kuwa, kaɗan ne suka sake taɓa kwamfuta bayan sun karɓi takarda.

Akwai wata wahala da sai mai buga Hausa ya san ta. Na'urar ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba. In an kawo waƙa ko wa'azi ko littafin soyayya, sai mu buga da k da d da b, a fitar, sannan a zauna da baƙin biro ana sa lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya. In ka tsallake guda, ƙafa ta koma kafa, ɓata ta koma bata. Ranar da wani ya zo mana daga Kano da haruffan Rabi'at a faifai, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙira, shago shago aka riƙa aron faifan. Matsalarsu ɗaya: in ka kai aikin wata na'ura da ba ta da su, sai rubutun ya koma wasu alamomi kamar hatimin boka.

A 2001 MTN da Econet suka kawo wayar salula Najeriya, layi kaɗai ya kai wajen Naira 20,000. Kafin nan sai dai layin NITEL, wanda samunsa sai mai uwa a gindin murhu. Intanet kuwa ta faranti ta fara shigo mana sosai, wato babban kwanon tauraron ɗan Adam da ake girkawa a kan rufi. Aka buɗe kafe. Ka sayi tikitin awa ɗaya, rabinsa ya tafi kana kallon shafin Yahoo yana buɗewa kaɗan kaɗan. Sai darasi ya sauya, kowa "burauzin" yake so. Amma abin da ya cika kafe da mutane ba sha'awa ba ce, tilas ce. Sakamakon WAEC da NECO ya koma sai da katin kankarewa, rajistar JAMB ta koma intanet, neman aikin soja da ɗan sanda da kwastan duk haka. Uba zai taso daga Bunguɗu ko wani ƙauyen Tsafe da ɗansa da hoton fasfo a ambulan, su yini a benci suna jiran "netwok".

A nan muka yi ɓarnar da har yau ake biya. Layi ya yi tsawo, ba mai lokacin koya wa kowa, sai mu cike musu da kanmu. Mu buɗe wa yaro imel, mu sa masa kalmar sirri, mu manta, shi ma bai taɓa sani ba. Ka tambayi ranar haihuwa, uban ya ce, "Shekarar da aka yi fari dai, bayan Sallar layya," sai ka rubuta 1 ga Janairu ka wuce. Muhammad a wannan takarda, Mohammed a waccan, Mamman a ta uku. A lokacin ba wanda ya damu. Sai da BVN ta zo a 2014, sannan aka ce a haɗa layin waya da lambar NIN a ƙarshen 2020, zamanin Isa Ali Pantami yana ministan sadarwa, na'urori suka fara gwada takarda da takarda. Mutanen da muka yi wa ranar haihuwa da ka suka dawo da furfura a gemu, suna yawon kotu neman takardar rantsuwa. Kuma mu ɗin dai muke buga musu ita, su biya.

Cikar aji mafi girma da na gani ita ce ta JAMB. Ta fara gwada jarrabawa a kwamfuta a 2013, shekarar da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau, a 2015 kuma ta ajiye fensir gaba ɗaya. Iyaye suka ruɗe. Aka riƙa kawo mana yara da 'yan mata, wasu ba su taɓa zama gaban allo ba, a ce a koya musu cikin mako biyu. Wannan karon ba mai son jin labarin Babbage. A karon farko a tarihin sana'armu, abin da ɗalibi zai yi da hannunsa aka biya mu mu koyar. Yarinya ta zo da wanta ya zauna a bakin ƙofa, hannunta na rawa a kan linzami, kwana uku sai ka ga ta fi samarin nutsuwa. Daga baya, zamanin Farfesa Is-haq Oloyede, JAMB ta sauƙaƙa abin zuwa madannai takwas: A, B, C, D na amsa, sauran na gaba da baya da miƙawa. Kasuwarmu ta ɗan ja baya, amma ban ji haushi ba.

Wayar hannu ce ta kashe kafe, wannan kowa ya sani. Daga 2go zuwa Facebook zuwa WhatsApp, intanet ta bar benci ta shiga aljihu. Mutane suka ce ai yanzu yara da iyawarsu ake haihuwarsu. Ni da nake karɓarsu na san babban yatsa ne kawai ya iya. Wanda zai yanka bidiyo ya sa masa kiɗa cikin minti biyar, ka ce ya liƙa takarda a imel ko ya tara lambobi a Excel, sai ya hau susar ƙeya.

Satumbar 2021 aka rufe layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya saboda 'yan bindiga, zamanin Gwamna Bello Matawalle. Sai 1 ga Oktoba aka buɗe wa Gusau, sauran wurare suka ƙara jira. A makonnin nan masu POS suka naɗe lema, banki ya zama wahala, mutane suka riƙa shiga mota zuwa Funtuwa don kiran waya, da aka rufe can ma suka miƙe Zariya. Mu kuma muka koma zamanin fulofi. A buga aiki a shago, a zuba a filash, a rubuta adireshin imel a takarda, a damƙa wa amintaccen yaro ya tafi inda akwai layi ya tura, ya kwafo amsa ya dawo. Waɗanda suka san ajiye fayil da sunan da za a gane, su suka yi rana a lokacin.

Yanzu ana maganar shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 don horar da mutum miliyan uku, matasa kuma na koyon zane da rubuta manhaja daga YouTube, in data ta ƙyale su. Ina yi musu fatan alheri. In suka zo neman shawara, tambayata ɗaya ce: na'ura nawa, mutum nawa, kuma wa ke sayen mai?

Makon jiya wani saurayi ya shigo da babban fayil, zai nemi aiki. Cikin takardunsa har da diflomar kwamfuta, na duba na ga irin zanen zinaren nan namu ne a gefe. Shafin neman aikin ya ƙi karɓar hotonsa, wai ya yi nauyi. Ya yi ta dannawa yana tsaki. Yaron shagona na yanzu, ɗan shekara sha huɗu da ke zuwa bayan Islamiyya, ya ajiye tsintsiya ya ce, "Yaya, kawo in rage maka." Ya rage, ya tura, ya fitar masa da shaida. Saurayin ya ba shi Naira 200 na shan ruwa, yaron ya sa a aljihu ya koma ya ƙarasa shara.