Tiredin Hagu: Daga Injin Maudslay Zuwa Teburin Ɗan Sha'awa

Akwai wani ɗan ƙarfe da ake ɗame waya da shi, wanda ido kan wuce ta kansa a jikin wayar da ke riƙe da dogon turke ko a kusurwar dandalin damben zamani. Jikinsa dogo ne mai rami, kusa mai tiredi ta shiga ta wannan baki, wata ta shiga ta wancan. Tiredin kusa ɗaya na dama ne kamar na kowane noti, na ɗayar kuwa na hagu ne. Saboda haka idan aka murɗa jikin, kusoshin biyu sukan nutsa ciki a lokaci guda, wayar ta ɗame ba tare da ita kanta ta murɗe ba. Ana iya kiran sa maɗami.

A masana'anta ba a ɗauke shi bakin komai ba. Amma a wurin masu ƙera ƙananan samfuran jiragen ruwa da na sama, waɗanda ke kwaikwayon jirgi na gaske a girman da za a ɗora kan tebur, maɗami yana cikin abubuwan da ke raba gwani da ɗan koyo. Dalilin haka yana cikin tarihin tiredi.

Kafin ƙarshen ƙarni na 18, kowane maƙeri a Ingila da irin tiredinsa. Da hannu ake yanka shi, da magagari da kurfi, kuma notin wannan kusa ba ya hawa waccan. Idan aka kwance inji aka cakuɗa notuna, an shiga uku. Jesse Ramsden, mai ƙera kayan awo, ya yi injin yanka tiredi tun a shekarun 1770, amma Henry Maudslay ne, wajen shekarar 1800, ya mayar da dabarar ta zama kayan aikin yau da kullum. Injinsa na sassaƙar ƙarfe yana juya sandar da ake aiki a kanta, wuƙar kuma tana kafe a kan wani mazauni da wata doguwar kusa ke turawa sannu a hankali. Faifai masu haƙora ne ke haɗa juyin sandar da juyin doguwar kusar. A canza faifan, tazarar tiredin ta canza. A ƙara faifai ɗaya a tsakani, doguwar kusar ta juya baya, wuƙar ta kama tafiya ta ɗaya gefen, sai ga tiredin hagu. Abin da a da yake buƙatar hannun gwani ya koma lissafin haƙora.

Joseph Whitworth, wanda ya yi aiki a shagon Maudslay a Landan, shi ya ɗauki mataki na gaba. A 1841 ya gabatar da tsari guda na tiredi mai kusurwar digiri 55, kamfanonin jirgin ƙasa suka karɓa, daga nan ya bazu.

A daidai wannan zamani igiya ma ta canza. A 1834 Wilhelm Albert ya murɗa igiyar waya domin ramukan haƙar ma'adinai na Clausthal a Jamus, kuma ba a daɗe ba ta hau jiragen ruwa masu tafiya da iska. A da, igiyoyin da ke riƙe da ginshiƙan jirgi na rama ne, ana ɗame su da dunƙulen katako biyu masu huda uku-uku da siririyar igiya da ke zagaya tsakaninsu. Rama tana miƙewa, tana yafe kuskure. Wayar ƙarfe ba ta da wannan haƙuri: ko ta ɗame daidai, ko ta yi sako-sako. Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 manyan jiragen ƙarfe sun koma amfani da maɗami. Shi ya sa mai kallon samfurin jirgi da ya san abin da yake kallo yakan fara duba gindin igiyoyin, domin nan ne zamanin jirgin yake a rubuce.

Jiragen sama na farko suka gaji wannan dabara. Jirgin Yaƙin Duniya na Ɗaya mai fikafikai biyu, sama da ƙasa, katako ne da ƙyalle, wayoyi ne ke hana shi wargajewa, kuma da maɗamai ake daidaita zaman fikafikan. Ingilawa sun ɓullo da wata hanya ta daban a masana'antar jiragen gwamnati da ke Farnborough: waya mai faɗi-faɗi wadda ke yanka iska, an yi mata tiredin dama a wannan kai, na hagu a wancan, ta zama ita ce maɗamin kanta. Jamusawa kuwa sun fi riƙe murɗaɗɗiyar waya da maɗami na dabam. Wanda ya zaɓi kwaikwayon jirgin Albatros ya ɗaukar wa kansa aikin ƙera maɗamai masu yawa, kowanne kuma sai ya yi kama da ɗan'uwansa.

Sai dai tsarin Whitworth na manyan injuna ne. Ƙananan kusoshi sana'ar masu agogo ce, kuma a Siwizalan aka fi ƙwarewa a kanta. Daga aikin Farfesa Marc Thury na Janeba ne ƙungiyar bunƙasa kimiyya ta Birtaniya ta ɗauko tsarin da ta gabatar a 1884, wanda aka sani da BA. Lamba 0 kaurinta milimita 6 ne, tazarar tiredinta milimita 1. Kowace lamba ta gaba tazararta kashi tara cikin goma ce na wadda ta gabace ta. Lamba 12 ta sauko zuwa milimita 1.3, lamba 16 kuwa ba ta cika milimita 0.8 ba, kuma zagayen tiredi fiye da biyar ne ke cikin kowace milimita ta tsawonta. An yi tsarin ne domin kayan lantarki da na awo, amma masu ƙera samfura suka rungume shi har ya zama kamar nasu.

Saura injin ya shigo gida. A 1898 Percival Marshall ya kafa mujallar Model Engineer a Landan, wadda ta haɗa akawu da malamin makaranta da direban jirgin ƙasa a kan sha'awa ɗaya. A 1908 kamfanin Drummond na Guildford ya fitar da ƙaramin injin sassaƙa a kan fam 5. Kamfanin Myford na Beeston, kusa da Nottingham, ya fito da ML7 a 1946, injin da ya cika rumfunan bayan gida a Ingila bayan yaƙi. A 1953 Emco na Ostiriya ya kawo Unimat, wanda mutum zai ɗauka da hannu ya ajiye a kabad idan za a ci abinci. Cikin shekara ɗari da hamsin, injin Maudslay ya tashi daga masana'anta ya sauka kan teburin gida.

A nan ne lissafi ke fara gardama da ƙarfe. A ɗauka maɗamin gaske tsawonsa santimita 10 ne, kusarsa milimita 5. Idan samfurin kashi ɗaya cikin huɗu ne na jirgin, maɗamin zai zama milimita 25, kusar kuma ta yi kusa da lamba 12. A kashi ɗaya cikin shida an iso lamba 16. A kashi ɗaya cikin 32, ma'aunin da masu jiragen roba ke so, tsawon ya koma milimita 3, kusar kuma kaurin gashi biyu. Babu tiredin da za a yanka a nan. Abin da ake yi shi ne a yanko guntun siririn bututun tagulla, a murɗa waya ta yi ido, a cusa ta kowane baki, a manne. Kama ce kawai, kuma ba laifi, tunda jirgin ba zai bar kan kanta ba.

Manyan samfuran da ake tashi da su ta rediyo ba su da wannan sauƙi. Wayoyinsu na ɗaukar nauyi na gaske, idan tiredi ya zame a sama fiffike ya naɗe, aikin shekara biyu ya dawo ƙasa a tarwatse. Maɗamin dole ya yi aiki.

Ƙera jikinsa aikin natsuwa ne. Siririyar tagulla takan lanƙwashe ta guje wa wuƙa, don haka ba a barin ta ta fito da tsawo daga bakin injin, kuma gwanaye kan fara da sanda mai kauri su sauko da ita zuwa girman ƙarshe a yanka ɗaya, domin kaurin da ke gaban wuƙar ya tallafi siririn da ke bayanta. Ramin tsakiya da bakin huji ƙasa da milimita ɗaya ake yin sa, injin na gudu sosai, ana shiga kaɗan ana fitowa a kakkaɓe. Bakin hujin ba ya gargaɗi kafin ya karye.

Tiredin dama ba matsala ba ne, mayankinsa na kasuwa. Na hagu a irin wannan ƙanƙanta shi ne wuyar samu, domin agogo da mitar lantarki ba su cika buƙatarsa ba, kasuwa kuwa ba ta tara abin da ba a tambaya. Wasu kan kauce: su yi tiredi a baki ɗaya, ɗaya bakin su sa kusa mai juyawa a sake. Yana ɗamewa, amma rabin tafiya yake yi a kowane murɗi. Waɗanda suka ƙi wannan sukan koma inda maƙeran Ingila suke kafin Whitworth, su ƙera mayankin da kansu. A ɗaura sandar ƙarfe mai karɓar tauri, a juya doguwar kusar injin baya, a yanka tiredin hagu, a goge gefe uku da magagari domin su zama bakin yanka. Sannan a gasa ta har ta yi ja, a tsoma a ruwa, a goge ta yi haske, a sake ɗumama ta a hankali har ta ɗauki launin tattaka. Idan aka zarce, ta yi laushi. Idan aka gaza, ta karye a cikin rami na farko, ta tafi da jikin maɗamin.

Makanikan jiragen sama suna da ƙa'idodi biyu a kan wannan ƙarfe da har yanzu ake koyarwa: kada zagayen tiredi fiye da uku ya rage a waje bayan an ɗame, kuma a ratsa siririyar waya ta hudar da ke tsakiyar jikin a ɗaure, don kada girgiza ta kwance shi. Masana'anta kuma kan zana ɗan layi a bakin da tiredin hagu yake, domin makaniki ya san inda zai murɗa. Masu tsananin bin asali a cikin maƙeran samfura kan zana wannan layin a nasu maɗaman, har da waɗanda aka manne da gam.