Kuɗin Cizon da Ya Kafa Tarihi a Kotun Ingila

A ƙarni na 19, masu hali a Ingila kan kama hayar gida da kayan ɗakinsa a garin Brighton don shan iskar teku. Haka Sir Thomas Marrable ya yi, sai dai iyalinsa na tarewa suka tarar kuɗin cizo ya mamaye gidan. Suka kwashe komatsansu suka fice, mai gida ya kai ƙara.

A 1843 kotu ta ba Marrable gaskiya: gidan da aka ba da haya da kayansa, dole ya zaunu tun ranar shiga.

A 1877 wata kotu ta jaddada hukuncin kan wani gida a Landan mai lalatattun magudanai.