Koyo Bayan Girma: Tarihin Farfaɗo da Kayan Kiɗan Lut a Turai

1.0 Gabatarwa

Lut wani abin kiɗa ne mai tsirkiya, mai ƙoƙon katako da gajeren wuya, wanda ake kaɗawa da yatsu. Masana kiɗa sun sanya shi a dangi ɗaya da molo da garaya da gurmi. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda kiɗan lut ya mutu a Turai, da yadda waɗansu mutane da suka koye shi bayan sun girma suka raya shi daga rubuce-rubuce. Za a kuma duba abin da rubutun ya adana da wanda ya kasa adanawa.

2.0 Asali da Bunƙasa

Kalmar lut ta samo asali ne daga kalmar Larabci al-ud, wadda ke nufin itace. Ɗaya daga cikin hanyoyin da abin kiɗan ya bi zuwa Turai ita ce Andalus, inda makaɗin nan Ziryab ya sauka a Ƙurɗuba a shekarar 822, bayan ya baro Bagadaza. Wajen ƙarshen ƙarni na 15 Turawa suka daina kaɗa shi da tsinke, suka koma ga yatsu, abin da ya ba su damar fitar da muryoyi da dama a lokaci guda. A 1507 Ottaviano Petrucci ya buga littafin farko na kiɗan lut a birnin Banis na Italiya. A Ingila kuwa, John Dowland (1563-1626) ya fitar da littafinsa na farko na waƙoƙi a 1597.

3.0 Yankewar Silsila

Sannu a hankali aka riƙa ƙara wa lut tsirkiya, daga jeri 6 a ƙarni na 16 har zuwa jeri 13 a ƙarni na 18. Wannan ya sa daidaita sautinsa ya zama jan aiki, ga shi kuma muryarsa ba ta cika babban zaure. Tun a 1676 Thomas Mace ya koka a littafinsa a kan yadda jama'a ke juya masa baya. Bayan mutuwar Silvius Leopold Weiss a Jamus a 1750, ba a sake samun gwani kamarsa ba. Kafin ƙarni na 19 ya yi nisa, silsilar malami da almajiri ta yanke, sai kayan kiɗan da ke rataye a gidajen tarihi da takardun da ke jibge a ɗakunan karatu.

4.0 Ɗalibai Marasa Malami

Arnold Dolmetsch, wanda aka haifa a Faransa a 1858, gogen Turawa ya koya tun farko. Binciken tsofaffin takardun kiɗa a Landan ne ya ja hankalinsa ga kiɗan dā. Yana da kimanin shekara 35 ya ƙera lut ɗinsa na farko a 1893, alhali babu wani mai rai da zai nuna masa yadda ake kaɗawa. A 1915 ya wallafa littafi a kan yadda ake fassara kiɗan ƙarni na 17 da na 18, sa'an nan ya kafa bikin kiɗan dā a garin Haslemere a 1925.

Diana Poulton (1903-1995) ta yi karatu a wajensa a farkon shekarun 1920, daga baya ta ci gaba da nazarin takardun asali da kanta. Ita da Ian Harwood suka kafa ƙungiyar masu sha'awar lut ta Ingila a 1956, kuma a 1972 ta fitar da littafinta a kan rayuwar Dowland da ayyukansa. Tarihin waɗannan mutane ya gaskata karin maganar nan da ke cewa gemu ba ya hana ilimi.

Abin da ya sauƙaƙa wa manya koyo shi ne tsarin rubutun kiɗan, wato tabulaca. Layukan da ke kan takarda suna wakiltar tsirkiyoyi, haruffa ko lambobi kuma suna nuna inda za a danna yatsa. A tsarin Faransa, a na nufin tsirkiya a sake, b gaɓa ta farko, c ta biyu. Italiyawa kuwa lambobi suka yi amfani da su. Saboda haka, mai koyo na iya fara kaɗawa ko da bai san rubutun kiɗa na zamani ba.

5.0 Iyakar Rubutu

Duk da haka, takarda ba ta faɗi kome da kome ba. Yawancin lut ɗin da aka ƙera a tsakiyar ƙarni na 20 sun fi na asali nauyi, domin maƙera sun saba da jita. Julian Bream (1933-2020), wanda ya yayata kiɗan Dowland a duniya, da farce ya riƙa kaɗawa kamar yadda ake yi wa jita. Sai a shekarun 1970 maƙera suka koma ga auna tsofaffin kayan da ke gidajen tarihi, makaɗa irin su Michael Schäffer kuma suka yi nazarin zane-zanen dā domin gano yadda ake aza hannun dama, da kaɗawa da tsokar yatsa. Ke nan an shafe kusan shekara 80 ana neman abin da malami zai nuna wa yaro a zama kaɗan.

6.0 Kammalawa

Wannan tarihi ya nuna cewa rubutu na iya ceton fasaha bayan mutuwar masu ita, amma abin da aka ɗauka kowa ya sani shi ne ba a rubutawa, kuma shi ke fara ɓacewa. Akwai ishara a nan ga masu nazarin harsunan Nijeriya. Ƙamus ɗin kalmomin kiɗan Hausa na Ames da King (1971) ya adana sunaye da bayanai, amma taken gurmi da na garaya a hannun makaɗa suke. Lut ya bar dubban shafuka, shi ya sa aka iya tayar da shi. Kiɗan da bai bar shafi ko ɗaya ba, wajibi ne a ɗauki sautinsa da hoton hannun makaɗinsa tun silsilar ba ta yanke ba.