Gidan Ɗan Hausa: Inda Alƙalami da Sana'ar Hannu Suka Tashi Tare

A unguwar Nasarawa ta Kano akwai wani gidan ƙasa mai zankwaye da zanen bango, wanda ya haura shekara 100 yana tsaye, damina ta zo ta wuce, rani ya zo ya wuce. Kowa ya san shi da Gidan Ɗan Hausa. Da an ambace shi, abin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne nan aka kafa makarantar da ta zama uwar makarantun boko na gwamnati a Arewa. Gaskiya ne, amma labarin bai tsaya nan ba. Tun farkon kafuwarsa, ƙarar guduma a maƙera tana tashi tare da muryar ɗalibai masu bitar karatu, kuma har yau kiɗa da rawa da kayan aikin hannu ba su bar harabar ba.

Wanda gidan ya ci sunansa Bature ne, Hanns Vischer, haifaffen birnin Bazel na ƙasar Suwizalan a 1876. Ya fara shigowa Nijeriya tare da 'yan mishan, daga baya ya karɓi takardar zama ɗan Ingila ya shiga aikin gwamnati, aka tura shi Borno. A 1906 ya yi abin da Turawa kaɗan suka taɓa yi: ya biyo ayari daga Tarabulus, ya ratsa Sahara ta Murzuk da Bilma har ya sauka Borno, tare da alhazai masu komawa gida da bayin da aka 'yanta. Watannin da ya yi yana kwana da tashi cikin fatake sun koya masa abin da ofis ba ya koyarwa. Ya iya Larabci, ya ji Barbarci, Hausa kuwa ta zauna a bakinsa har mutane suka laƙaba masa Ɗan Hausa. Kanawa ba su cika rabon irin wannan suna a banza ba.

Da Gwamna Girouard ya ɗora masa nauyin tsara ilmi a Arewa, bai yi gaggawa ba. Sai da ya je Masar da Sudan ya ga yadda ƙasashen Musulmi suka haɗa sabon karatu da nasu na gado. Ya dawo ya buɗe makarantarsa a 1909, a bayan ganuwa, kusa da gidan Sarki na Nasarawa. A nan dole a tuna da Sarkin Kano Muhammadu Abbas, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919. Shekara shida kacal ke nan da Turawa suka ci Kano, zukata ba su huce ba, kuma ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne sarki ya ba da wuri, ya kuma yarda a taɓa baitulmali don makarantar Nasara. Ba don Abbas ya tsaya ba, da Ɗan Hausa ya yi ta shuka a kan dutse.

Shekaru biyar da suka biyo baya su ne lokacin da gidan ya fi haske. An fara da ajin malamai, waɗanda suka riga suka yi nisa a karatun allo da na littattafai, aka koya musu rubutun boko da lissafi da labarin ƙasa don su koyar da wasu. Aka buɗe ajin 'ya'yan sarakuna, aka ƙara da na sauran yara. Ɗalibai suka taho daga lardunan Arewa, har da na Sakkwato, wanda ƙasar Zamfara take cikinsa a wancan zamani. Da Hausa ake koyarwa. Ba a raba yaro da rigarsa da hularsa ba, ba a raba shi da sallarsa ba, malaman addini na nan suna ba da darasinsu. A wannan gida ne Ɗan Hausa ya tsara ƙa'idojin rubuta Hausa da boko da ya wallafa a 1912, tubalin da Hukumar Fassara ta Zariya da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta 1939 suka zo suka ɗora gini a kai. A shekarar nan ta 1912 matarsa Isabelle ta iso Kano, ta kuma bar rubutu da Faransanci a kan zaman da suka yi.

Sashen da aka fi mantawa da shi shi ne makarantar sana'a. Ɗan Hausa ya tarar da birnin da ba ya buƙatar a koya masa aikin hannu. Marinar Ƙofar Mata na nan, kasuwar Kurmi na ci tun zamanin Muhammadu Rumfa, turkuɗin Kura na kaiwa har ƙasar Buzaye, jar fatar akuya kuwa raƙuma na ketare hamada da ita. Saboda haka bai ce zai kawo sabuwar sana'a ya ture ta gado ba. Ya nemo gwanayen gari, dukawa da maƙera da masaƙa da maɗinka da magina, ya zaunar da su a matsayin malamai, ya haɗa su da kafintoci da sababbin kayan aiki. Yaro ya yanka fata da safe, ya auna katako da rana, ya koyi lissafin kuɗin abin da ya yi. A ƙasar da aka saba ɗan maƙeri ne kawai ke gadon zugazugi, wannan babban sauyi ne: sana'a ta fito daga zauren gado ta zama abin da duk mai so zai iya koya. Gidan kansa ma darasi ne, domin tubali da azara da makuba aka gina shi, da hannun maginan Kano.

Ba a rasa masu guna-guni ba. Wasu iyaye sun ji tsoron a mai da 'ya'yansu Nasara, wasu masu sarauta suka turo 'ya'yan barorinsu a madadin nasu. Daga baya kuma an zargi tsarin da rage wa 'yan Arewa Turanci. Amma wanda ya san halin da ake ciki a 1909 ya san cewa da makarantar ta zo da gaggawa, da ranar da aka buɗe ta za a watse. Sannu ba ta hana zuwa. Yaƙin Duniya na 1914 ya janye Ɗan Hausa zuwa Turai, ɗalibansa suka bazu suka riƙe makarantun larduna, Kwalejin Katsina ta biyo baya a 1921. Shi kuwa ya ci gaba da hidimar ilmin Afirka daga Landan har rasuwarsa a 1945. Gidan ya daɗe yana zaman mazaunin jami'an gwamnati, Allah kuma ya tsare shi daga rushewa.

Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, aka shiga zamanin bukukuwan al'adu na ƙasa, wanda ya kai ƙololuwa da bikin al'adu na FESTAC da babban hawan dabar Kaduna a 1977. Jihohi suka farga cewa al'ada na buƙatar hukuma da mazauni. A shekarun 1980 Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ta tsaya da ƙafafunta, Gidan Ɗan Hausa ya zama cibiyarta. Aka jera kayan tarihi a ɗakunan: tukwane, ƙore, kayan saƙa, kayan yaƙi, kayan kiɗa, da hotunan mai gidan. Aka riƙe ƙungiyar makaɗa da 'yan rawa, waɗanda rawar koroso da busar sarewarsu suka fitar da sunan Kano a ciki da wajen Nijeriya. 'Yan makaranta na zuwa rukuni-rukuni, yaron da bai taɓa ganin mazari ko kwarkwaro ba ya gani da idonsa. Kuɗin gyara kan yi ƙaranci wani lokaci, kamar yadda yake ga kowace hukumar al'adu, amma ƙofar ba ta rufe ba.

Masu ganin wannan aikin wasa ne su dubi ƙasar Ailan. A tsakiyar ƙarnin jiya kiɗan gargajiyarsu ya kusa mutuwa, matasa na jin kunyarsa. A 1951 wasu makaɗa suka taru a garin Mullingar suka kafa ƙungiyar Comhaltas, suka buɗe rassa gari-gari inda manya ke koya wa yara goge da sarewa, suka sa gasar shekara-shekara. A 1968 masu busa algaitarsu ta salka suka kafa tasu ƙungiyar, wadda ke koyar da busa da kuma ƙera abin busar. A 2017 hukumar UNESCO ta sa wannan busa cikin gadon duniya, kamar yadda ta sa bikin kamun kifi na Argungu a 2016 da hawan Sallar Kano a 2024. Ba wani sihiri suka yi ba. Wurin zama suka samu, da malami, da almajiri.

Wannan shi ne abin da arewacin Zamfara ke nema ruwa a jallo. Daga Tubali ta yankin Shinkafi Ibrahim Narambaɗa ya fito da kotsonsa, ya waƙe Sarkin Gobir na Isa da Hausar da har yau jami'o'i ke nazari. Zurmi ta ba mu Kassu, mawaƙin maza da 'yan tauri. Ƙauran Namoda, inda layin dogo ya tsaya tun 1929, ta tara masu sana'a daga ko'ina, tana kuma da kwalejin fasaha ta tarayya. Yau rashin tsaro ya tarwatsa ƙauyuka, ya raba maroƙi da ubangidansa, ya raba ɗan koyo da maƙera. Dattijon da ya san yadda ake fafe kotso da ɗaure kalangu, in ya kwanta dama ba tare da almajiri ba, ilminsa ya bi shi kushewa.

Don haka riƙon Gidan Ɗan Hausa ba nauyin Kanawa kaɗai ba ne. A yi masa yaɓe kafin kowace damina, a biya makaɗansa haƙƙinsu a kan kari, a dawo da azuzuwan sana'a yadda aka faro su, da gwanayen gari a kujerar malanta. Sarakunan Ƙaura da Shinkafi da Zurmi kuma, tare da attajiransu da 'yan bokonsu, su aiko a ga yadda aka yi, su koma su ware gida ɗaya a kowane gari, su kira sauran dattawan da suka rage tun suna da ƙarfin koyarwa.