Daga Majigi Zuwa Silima: Aikin Alhaji Adamu Halilu



Duk mai son fahimtar tarihin fim a Kano, wajibi ne ya rarrabe tsakanin silima da majigi. A da, silima sana'ar 'yan kasuwa ce, galibinsu Kwarori, kuma yawancin gidajenta a wajen ganuwa suke: Rex da El Dorado a Sabon Gari, Plaza kuwa a Fagge. Finafinan Amurka da na Indiya ake nunawa a can, malamai kuma suna ƙyamar wurin. Gobarar gidan El Duniya ta 1951, wadda ta ci rayuka fiye da 300, ta ƙara wa wannan ƙyama ƙarfi.

Shi kuwa majigi na hukuma ne. A wancan zamani, motar gwamnati ce ke zuwa ƙofar fada bayan magariba, a kafa farin ƙyalle, a nuna fim kan tsabta ko noman auduga, wani ma'aikaci yana bayani da Hausa, ba a biyan ko anini.

A wannan makaranta ta majigi Adamu Halilu ya koyi sana'a. An haife shi a Garkida a 1936, ya yi aiki a sashen fim na gwamnatin Jihar Arewa, inda ya shirya finafinan wayar da kai masu yawa, cikinsu har da Mama Learns a Lesson na 1963. Babban aikinsa shi ne Shaihu Umar na 1976, wanda aka ɗauko daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka kuma nuna shi a bikin FESTAC na 1977 a Legas. Da wannan fim ya tabbatar cewa harshen Hausa, wanda a da aikinsa fassara hoton wasu ne, zai iya ɗaukar dogon labari da kansa.

Sai dai kash! Fim ɗin ya ɓace wa jama'a shekaru masu yawa, har mai shi ya rasu a 2001. Sai a 2016 aka gano faya-fayansa a wata ma'ajiyar gwamnati, aka gyara su a Jamus, aka sake nuna shi a Balin a 2018.

Nan ne zancen ya shafe ku, ma'aikata. Da kuɗin jama'a aka yi wannan aiki, a hannun hukuma kuma ya kusa salwanta. Wanda aka damƙa wa mabuɗin ma'ajiya, to, amanar tarihin al'umma aka damƙa masa.