Waliyyi Serapion (zanen Zurbarán)

Waliyyi Serapion zane ne na fentin mai wanda Francisco de Zurbarán (1598–1664), ɗan ƙasar Sifaniya, ya yi a shekarar 1628. Yana cikin zane-zanen addini na salon Barok, salon da ya bunƙasa a ƙasashen Katolika bayan Majalisar Trent (1545–1563) ta jaddada cewa hotunan coci su riƙa koyar da jama'a, su kuma motsa zukatansu ga ibada. A yau zanen yana gidan tarihi na Wadsworth Atheneum da ke birnin Hartford a Amurka.

Asali

An yi shi ne don ruhubanawan ƙungiyar Mercedariya a birnin Seville, waɗanda aikinsu shi ne fanso Kiristocin da aka kama aka tsare. Serapion ɗan ƙungiyar ne, kuma ruwayar cocin ta ce an kashe shi a shekarar 1240 bayan azaba mai tsanani. An rataye zanen a ɗakin da ake shimfiɗe gawar ruhubani kafin a binne shi, wato masu kallonsa na farko mutane ne da ke addu'a a kan ɗan'uwansu da ya rasu.

Haske, tsayuwa da tufa

Bayan hoton duhu ne ƙirin. Ba a ga masu kisan ba, ba a ga taron jama'a ba. Haske ya sauka a kan mutum ɗaya kawai, dabarar da aka fi danganta wa Caravaggio na Italiya. An ɗaure hannayensa biyu da igiya an ɗaga su sama, abin da ke tuna wa Kirista gicciye. Kansa ya langaɓe a kafaɗa, idanu a rufe, baki a ɗan buɗe, har mai kallo ya kasa tantance ko rai ya fita ko da saura.

Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne farar rigar ƙungiyar, wadda ta cinye mafi yawan hoton. Zurbarán bai zana jini ko ɗigo ɗaya ba, alhali masu zane da yawa a zamaninsa kan nuna raunukan shahidai ƙuru-ƙuru. Nauyin jikin da ya saki ana ganinsa ne a yadda ninkin rigar ke zubowa ƙasa, kuma a ɗakin gawa farin nan ba ya rasa kama da likkafani. Launi mai ƙarfi da ke kanta shi ne ɗan tambarin ƙungiyar a ƙirji. A gefen dama akwai 'yar takarda da aka zana kamar an maƙala ta, ɗauke da sunan waliyyin da sa hannun mai zanen.